Mutanen Kirki Ne Suka Wuce Shi

"Sai ɗan sandan ya ɗaga kulki," Desley ta karanta, hannunta a sama kamar ita ce ke riƙe da shi, "ya ce, 'Kai baƙin bawa, koma tsibirin ubanka!' Sai ya sauke masa a ka. Sai a kashe fitila, a ja labule."

Ta sauke takardar ta dubi Kawu Cedric. Tsohon yana kishingiɗe a kujerar kaba a barandarsa, da bargo a gwiwa duk da zafin da ake yi, siririn bututun iska maƙale a hancinsa. Da farko ta ɗauka tari ne ya sarƙe shi, har ta yunƙura za ta ɗauko ruwa. Ashe dariya ce. Dariya yake yi har bututun ya zame, sai da ta miƙa hannu ta gyara masa.

"Kawu, mene ne abin dariya a nan? Mutum ake duka fa."

"Kulki!" in ji shi, yana share hawaye da hannunsa mai lafiya. "Desley, 'yar nan, yaushe rabon ki da ganin kulki a garin nan? A talabijin kika samo shi ko?"

"Ai ana yi."

"Ana yi, ban musa ba. An yi wa Wally na gidan Anti Merle, har yau ba ya ji da kunne ɗaya. Amma ki sa wannan a dandamali, kowane Bature a zauren zai gyara zama ya ce, 'Kai, mugun ɗan sanda!' Ya tafi gida ya ci abincinsa da daɗi."

Desley ta ninke takardar, ranta a ɓace. Makonni ta yi tana fama da ita.

Wasan kwaikwayon na tarihin kakanninsu ne, ana yin sa a zauren coci duk shekara idan an gama yankan rake. Ana nuna yadda jiragen ruwa suka kwaso su daga tsibirai, da yadda suka sare raken da ya gina garin, da waɗanda aka kora bayan an gama da su, da waɗanda aka binne a gefen gonaki ba ko alama. A ƙarshe sai jikan mai gona ya fito daga hannun dama, jikan mai yankan rake ya fito daga hagu, su yi musafaha, kowa ya miƙe a rera waƙar coci. Kawu Cedric ne ke fitowa a matsayin jikan mai yankan rake, yana miƙa hannun nan tun Desley tana budurwa. To bana samarin da ke cikin wasan suka turje, suka ce su ba za su ƙara yin wannan ƙarshen ba, ƙarya ce, kamar abin ya ƙare ne alhali bai ƙare ba. Aka yi ta cacar baki a kwamiti, daga bisani aka jibga wa Desley aikin rubuta sabo. Ba don ta fi kowa karatu ba, ita da aikinta dafa abinci a makarantar firamare. Don dai ta fi kowa baki ne a taron.

Shi kuwa Kawu, likitocin asibitin birnin Mackay sun sallamo shi gida, irin sallamar da kowa ya san ma'anarta. Zuciya ce. Bai damu ba, ko ya damu bai nuna ba. Abu ɗaya ya faɗa wa Desley ta kan shingen da ya raba gidajensu: shi ba zai tafi a tsakiyar wasa ba, sai ya ga ƙarshen. Tun daga ranar take rubutu kamar ana bin ta da gudu, kuma ba abin da take so a duniya irin ta ji tsohon nan ya ce "yauwa."

"To ka faɗa mini abin da zan rubuta," ta ce. "Tunda ni ban iya ba."

"Kai, ji zuciya. Kamar uwarta." Ya juya ya dubi titi. Jirgin ƙasa mai ɗaukar rake ya wuce can bayan gidaje, tarago-tarago, yana ƙara. Sai da ƙarar ta mutu ya ce, "Kin tuna bara da na faɗi?"

Wa zai manta? A tashar bas ta gaban kantin magani abin ya same shi, da rana tsaka, hawan jini ya buge shi, hannun hagu bai ƙara dawowa daidai ba. Likita ma ya ce da an kawo shi da wuri da an ceci hannun.

"Kun san na faɗi. Ba ku san yadda na kwanta ba." Ya gyara bargon. "Lemun tsami na tsinka a bishiyar nan zan kai wa Merle. Ina tsaye sai na ji ƙafata ta zama ta wani. Na zauna a ƙasa, na zame, leda ta fashe, lemo ya watse ko'ina. Ina gani, ina ji, amma baki ya ƙi. In na ce 'taimaka' sai wani abu ya fito kamar kukan maraƙi. Desley, inuwar allon tashar tana kan fuskata lokacin da na faɗi. Sai da ta sauka har ƙafafuna kafin wani ya taɓa ni."

"A gaban kantin magani? Ba mutane?"

"Mutane? Kamar ranar kasuwa! Ni dai takalma nake gani. Wani mai kare ya zo, karen ya shinshina ni, ya ja shi ya ce, 'Rabu da shi.' Wasu 'yan mata suka ratse. Wani ya tsaya, na ce to Allah ya kawo ni gida, sai na ji yana cewa abokinsa, 'Tun da rana haka, abin tausayi.' Da tausayinsa fa ya faɗa. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya shure ni. Baƙin tsoho a kwance a titi, bakinsa a karkace, ai kowa ya san me ke nan. Ya sha ya yi tatil."

Desley ta ƙura masa ido. Kawu Cedric, dattijo a cocin masu ibada ranar Asabar, wanda ko shayin kanti ba ya sha sai na ganyen lemo, wanda ya taɓa korar Noel mijinta daga baranda don ya ji warin giya a rigarsa.

"Wa ya ɗauke ka?"

"Wani ɗan tsibirin Tonga, direban babbar mota. Ya tsaya sayen maganin ciwon kai. Ya durƙusa ya ce, 'Baba, lafiya?' Shi ke nan fa. Tambaya kawai." Ya ɗan murmusa. "Amma ba shi nake so ki ji ba. Cikin takalman nan akwai wasu farare na zane, masu koriyar igiya. Suka taho da sauri, suka rage sauri. Mai su ta mai da jakarta ɗaya kafaɗar, ta tsallake lemo ɗaya a hankali don kada ta take shi, ta sauka titi ta kewaye ni, ta hau can gaba."

Bai ƙarasa ba wata 'yar ƙaramar mota ta tsaya a bakin ƙofa. Beryl ce ta fito, rungume da tukunya a naɗe cikin tawul. Beryl tsohuwar malamar makaranta ce, Baturiya, jikar masu gonakin rake, ita ke kaɗa wa wasan fiyano tun farkonsa. Ita ta dinga sintiri a ofishin hukumar gari har aka kafa dutsen tunawa a kan kaburburan gefen gona. Ba bikin da ba ta zuwa, ba jana'izar da ba ta kuka. Ta hawo matakala tana haki, Desley kuwa ba fuskarta take kallo ba, ƙafafunta take kallo. Fararen takalma ne na zane, igiyarsu koriya.

"Cedric, ka ci wani abu yau?"

"Beryl, miyar kabewa kuma? So kike in isa gaban Ubangiji ina ja kamar kabewa, ya kasa gane ni?"

"Rufe baki ka sha. Desley, sannu, ya ƙarshen namu? Na ƙagu in ji."

"Yana nan," in ji Desley. Muryarta ta fito a bushe.

Beryl ta zuba miyar a kofi, ta hura, ta riƙe masa yana kurɓa, ta goge masa haɓa da gefen tawul. Shi kuma yana ta tsokanar ta a kan wata waƙa da ta kuskure a wasan bara. Suna dariya, dariyar mutanen da suka daɗe suna son juna. Desley ta kasa zama. Ta ce ta bar abu a wuta, ta sauka ta tafi.

A ƙarƙashin gidansu, wanda aka ɗora a kan ginshiƙai, ta iske Noel yana kankare kifi, rediyo na ta surutun ƙwallo. Noel ƙato ne, a injin sukari yake aiki, kuma ba abin da ke sa shi gaggawa. Ta zayyane masa komai a tsaye, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Zan faɗa mata. A gaban kwamiti zan faɗa mata. Tana kaɗa mana fiyano tana hawaye, ashe tsallake shi ta yi kamar shara!"

"Ya ce ki faɗa?"

"Bai ce ba."

"To faɗuwarsa ce, ba taki ba."

"Kai dai ba ka da zuciya, Noel."

"Ina da ita, tana nan a ajiye." Ya juya kifin. "Shekaranjiya mai gadin babban kanti ya bi ni tun daga wurin sabulu har wurin biya. Da murmushinsa. Har ya tambaye ni ko ina neman taimako. Ɗan da kika ciyar a makaranta ne, ɗan gidan su Kev. Me zan ce masa? Miƙo mini gishiri."

Ta miƙa masa gishirin da ƙarfi, har ya zube.

Washegari ta zauna ta rubuta tashar bas. Ta kai wa Kawu, ya sa ta karanta, ya dinga tare ta. Ta sa mai kare ya tofa yawu, ya ce ta cire. Ta sa 'yan matan su yi dariya, ya ce ba su yi ba, tsoro suka ji, ta rubuta tsoro. Ta sa matar mai jaka ta toshe hanci.

"Haba, Desley. Kada ki sa musu ƙaho. Mutanen kirki ne suka wuce ni, abin da ya sa ya yi ciwo ke nan. Ki ba kowa uzurinsa. Wannan zai makara aiki, wannan yarinyarta na jira a makaranta. Ki sa su zama irin mutanen da za ki so su zama maƙwabtanki."

"To ɗan Tongan fa? A ina zai shigo?"

"Ba zai shigo ba."

"Kawu! Shi ya cece ka."

"Allah ya saka masa, kullum yana cikin addu'ata. Amma kina sa shi, kowa a zauren zai ce, 'Ni ne wannan.' Kujera ɗari, ɗan Tonga ɗari."

Ta yi dariya ba ta shirya ba. Sannan ta tambaye shi abin da ya fi damun ta: idan na ƙarshe ya wuce, sai me? Yaya za a rufe?

"Oho. Ni a ƙasa nake, ban ga ƙarshen ba. Wannan ke za ki nemo." Ya lumshe ido, ya buɗe. "Abu ɗaya. Matar mai jaka, Beryl za ki ba."

"Kai! Ramuwa za ka yi ke nan."

"Ramuwar me? Ita kaɗai za ta yi shi daidai. Kuma kada ki faɗa mata komai."

"Tsaya. Ita ba ta san kai ne ba?"

"Ta ina za ta sani? Ai ba ta kalli fuskar ba. Da yammar ranar ta zo asibiti da furanni, tana kuka tana tsine wa mutanen da suka bar ni a titi."

Desley ta daɗe tana kallon sa. Ba ta ga ɗaci a fuskarsa ba ko kaɗan, sai wata irin natsuwa, irin ta mutumin da ya gama share tsakar gidansa ya zauna. Ita dai har yanzu ranta tafasa yake, amma ta rubuta sunan Beryl a gefen takardar.

Tunda ba zai iya zuwa zauren ba, sai aka kawo masa gwajin wasan gida. Ranar Lahadi da la'asar aka taru a farfajiyarsa, ƙarƙashin mangwaro. Lavinia 'yarsa, wadda ta baro aikinta a birnin Brisbane ta zo jinya, ta dafa gwaza da kifi a madarar kwakwa, tukunya guda, kowa ya ɗebi nasa. Aka sauko da Kawu a kujerarsa, maza huɗu suna ɗauke da shi yana ba su umarni kamar kyaftin. Aka ajiye benci ya zama tasha. Noel aka ba matsayin tsohon da ya faɗi, don ba wanda ya yarda ya karɓa.

"To, faɗi," in ji Desley.

Noel ya dafe ƙirji, ya yi ƙara, ya zube rim, har ƙasa ta girgiza. Kajin maƙwabta suka watse.

"Ikon Allah!" in ji Kawu. "Wa ya sare bishiya? Noel, harbin ka aka yi?"

Kowa ya fashe da dariya, har Lavinia da ta kwana biyu ba a ga haƙoranta ba.

"Ba haka ake faɗuwa ba. Kunya ce ke fara kama ka, kafin ciwo. Kana dubawa ko wani ya gan ka. Ka zauna a hankali kamar da gangan ka yi, kamar hutawa za ka yi. Ka nemi tattara lemon, hannu ya ƙi. Sannan ka zame. Kuma ido a buɗe, Noel, kada ka rufe ido. Ka bi kowa da kallo."

Noel ya tashi ya karkaɗe wando ya sake. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ƙaton mutumin nan ya zauna a ƙasa a hankali, yana murmushin jin kunya, ledar ta kuɓuce, lemun tsami ya gangara cikin ciyawa. Mai kare ya wuce, da igiya ba kare. 'Yan mata suka ratse. Mai tausayi ya faɗi tausayinsa ya wuce. Saura Beryl.

Ta taho da jaka a kafaɗa, ta ɗaga hanci sama, ta yamutsa fuska, ta yi wani taku na isa kamar matar gwamna.

"A'a, a'a, Beryl," in ji Kawu. "Wace ce wannan? Ban san ta ba."

"Ai muguwar mata ce, Cedric. Ina ƙoƙarin in nuna muguntar."

"Ba muguwa ba ce. Tana da kirki, tana sauri ne kawai, ana jiran ta. Manta da wasa. Ke ce, kin fito daga kantin magani, kin ga wani a kwance. Yi yadda ƙafarki ta ga dama."

Beryl ta koma bakin shinge. Ta ja numfashi, ta taho da saurinta na kullum, ɗan gajeren takun nan da duk garin ya sani. Da ta kusa sai ta rage sauri. Hannunta da kansa ya ɗauke jakar ya mai da ita ɗaya kafaɗar. Idonta ya sauka ƙasa, ta ga lemo a gabanta, ta ɗaga ƙafa a hankali don kada ta take shi.

Ƙafar ba ta sauka ba. Ta tsaya haka, ƙafa ɗaya a sama, tana kallon lemon. Desley na tsaye kusa, ta ga jinin fuskarta ya janye tun daga goshi har wuya. Beryl ta sauke ƙafar a baya, ta juyo a hankali ta dubi kujerar kaba.

"Cedric," ta ce. Da ƙyar aka ji ta. "Lemun tsami ne. A ranar ma lemun tsami ne."

"Na Merle ne, ba ta samu ba."

"Cedric, ni..."

"Ci gaba da tafiya, Beryl. Ba a gama wasan ba."

Sauran ba su gane me ake ciki ba, suna ta kallon juna. Desley ta yi zaton daɗi za ta ji a wannan lokacin, ta kwana tana jiran sa. Sai ta ji tausayi ya kama ta, ya haɗu da haushin, ta rasa wanda za ta bi. Beryl ta ɗan tsaya. Sannan ta gyara jakar, ta tsallake lemon, ta kewaye Noel, ta wuce har gindin mangwaro ba ta waiwaya ba. Can ta tsaya ta ba su baya, kafaɗunta na motsi.

"Yauwa," in ji Kawu Cedric. Ya jingina kansa. "Haka aka yi. Desley, kin rubuta wasa."

Da aka watse Beryl ta zo ta durƙusa a gaban kujerar, tsohuwa da ita, gwiwa a ƙasa. Desley ta kwashe kwanuka ta yi nisa don kada ta ji. Abin da ta tsinta kawai shi ne muryar Kawu yana cewa, "To ki daina kawo kabewa, an biya bashi," da wata dariya mai haɗe da kuka. Da Beryl ta zo wucewa ta tsaya kusa da ita.

"Ba zan iya yi a gaban mutane ba, Desley."

"Za ki iya. Kin taɓa yi a gaban mutane."

Maganar ta fita da kaifi fiye da yadda ta yi niyya, amma ba ta janye ta ba. Beryl ta sunkuyar da kai, ta ce haka ne, sai ranar gwaji na gaba.

Kwanakin da suka biyo baya masu daɗi ne, abin mamaki. Kawu ya daina cin abinci sai ɗan shayin ganyen lemo, amma bakinsa bai mutu ba. Mutanen coci suna zuwa da rana su zauna a baranda su rera masa waƙoƙi, yana gyara musu inda suka ja da yawa. Anti Merle ta zo da sandarta, suka yi ta musu a kan wanda ya fi wani tsufa. Beryl tana zuwa kullum, ba tukunya, ta zauna a matakala. Wata rana ya ce da Desley shi fa ya ƙoshi, ya sare rake, ya gyara layin dogo, ya aurar da 'ya, ya ga ƙarshen wasa, me ya rage? Ta ce bai ga ƙarshen ba tukuna, ba ta san yadda za ta rufe ba. Ya ce wannan matsalarta ce.

Ranar Alhamis da hantsi ya tafi. Lavinia na taje masa kai, Desley na yanke masa farce, aku-kuturu sun cika mangwaron da surutu. Ya ce a ɗan ɗaga shi ya ga titi. Aka ɗaga shi. Ya kalli titin, ya ja numfashi ɗaya mai tsawo, bai ƙara jan wani ba. Desley ta ci gaba da riƙe hannun, da ɗumi har yanzu, sai da ta ƙarasa yanke farcen ƙaramin yatsan sannan ta fashe da kuka.

Likitan da ya zo tabbatarwa sabo ne a garin, matashi mai ladabi, har takalmi ya cire a bakin ƙofa. Ya yi musu gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa. Ya duba abin da zai duba, sannan ya juyo wurin Lavinia a tausashe.

"Ki yi haƙuri da tambayar. Ya daɗe yana sha ne?"

Lavinia ta ce mahaifinta bai taɓa kai giya bakinsa ba. Likitan ya ce to, to, madalla, ya ba da haƙuri. Desley ta dubi fuskar Kawu a kan matashi, bakin nan a ɗan karkace kamar mai ɓoye dariya, ta san abin da zai ce da yana ji: "Kin gani ko? Da ladabinsa." Ta ja zanen ta gyara masa a ƙirji.

An binne shi ranar Litinin, an yi wasan ranar Lahadin da ta biyo, da rana, don tsofaffi su samu zuwa. Zauren ya cika har bakin ƙofa. Iyalan masu gonaki a gaba tare da mutanen hukumar gari, nasu mutanen a tsakiya da baya, yara a ƙasa. Desley na tsaye a gefen dandamali inda ba a ganin ta, igiyar labule a hannunta. Kwamiti ya ce da zarar matar mai jaka ta fita a ja labule, a kunna waƙa, kada abin ya yi wa mutane nauyi. Ta ce to.

Jiragen ruwa suka zo suka wuce, aka sare rake, aka yi kora, aka yi binnewa. Aka fito da benci. Noel ya zauna a ƙasa a hankali da murmushin kunyarsa, ya zame. Mai kare ya wuce. 'Yan mata suka ratse. Da mai tausayi ya ce, "Tun da rana haka," wani a layin gaba ya yi 'yar dariya, ya haɗiye ta da sauri. Sai Beryl ta fito, ba kwalliyar wasa, da kayanta na kullum, kowa ya san ta. Ta taho, ta rage sauri, ta yi abin da za ta yi, ta fita ta ɗaya gefen. Ba ta kuskure ko taku ɗaya ba.

Dandamali ya rage Noel kaɗai, a kwance, kumatunsa a kan katako. Ba sauran wanda zai bi da kallo, sai ya juyo da idanunsa kan zauren.

Mai kula da waƙa ya ɗago kai yana yi wa Desley alama. Ta gan shi. Ta naɗe igiyar a hannunta sau ɗaya, ta riƙe, ba ta ja ba. Fankokin rufi suna ta juyawa. Wata jaririya ta yi ɗan kuka aka rarrashe ta. Noel ya buɗe baki, wani sauti ya fito wanda ba magana ba ne, ya sake rufewa, yana kallon su layi-layi. Ba wanda ya yi tari. Igiyar ta fara cin tafin hannunta, ta bar ta tana ci.

Can wajen tsakiyar zauren, ƙafar wata kujera ta goge siminti, wani yana miƙewa.